Zaman Rijiya

A bayan babban zauren tsangayar harsuna da hulɗar ƙasa da ƙasa, sama kaɗan da kawunan mutane, akwai jerin ƙananan ɗakuna masu fuskar gilashi. Kowanne kujera biyu yake ɗauka da siririn tebur. Ɗalibai suna kiran su akurki. A cikinsu ake koyon aikin tafinta na nan-take: mai jawabi yana magana a ƙasa, kai kuma kana saurarensa ta abin kunne, kana mayar da maganarsa cikin wani harshe tun bai rufe baki ba.

Ranar da sababbin ɗaliban digiri na biyu suka fara shiga zauren, Malama mai koyar da wannan aiki ba ta yi musu lacca ba. Ta raba musu abin kunne, ta kunna jawabin wani mutum da ke zuba Larabci kamar ana korarsa, ta hau bene ta shiga akurki. Sai suka ji muryarta a cikin kunnuwansu da Faransanci, tana bin mutumin a baya kaɗan, ba haki, ba tuntuɓe. In ya yi wasa, sai su tsinci kansu suna dariya. In ya sauke murya, ita ma ta sauke. A tsakiyar jawabin har ta miƙa hannu ta zuba ruwa a kofi, bakinta bai tsaya ba.

Wata ɗaliba a layin gaba ta manta da kanta, ta miƙe tsaye tana leƙen gilashin ko za ta ga takarda a gaban Malama. Babu komai sai kofin ruwa. Ta koma ta zauna, ta ce a ranta in dai ɗan Adam zai iya wannan, to ita ba ta son wani aiki a duniya sai shi.

Ita ce babba a gidansu, kowa Yaya yake kiranta, har iyayenta. Tana jin Faransanci da Turanci, ga Fotugis da ta koya a digirinta na farko, wanda ba kowa ke ɗaukarsa ba. Farfesa, shugaban tsangayar, shi ya lura da ita tun lokacin, shi ya taka har gidansu ya shawo kan Baba ya bar ta ta ci gaba da karatu. Tun daga nan ba ta iya haɗa ido da shi. Ko a waya ya kira ta, sai ta miƙe tsaye kafin ta amsa.

A gida ma aikin tafinta take yi, sai dai irin nata daban ne. Mama za ta leƙo daga kicin ta ce, "Yaya, je ki gaya wa babanku in bai kwashe tarkacen fankar nan daga teburin cin abinci ba, wallahi a bola zai same su."

Yaya za ta je falo ta durƙusa ta ce, "Baba, Mama ta ce abinci ya kusa, ko za a ɗan matsa da kayan gyaran?"

"Ki gaya mata tun kafin in san ta nake da teburin nan."

Ta koma kicin. "Ya ce yanzu zai gama, Mama."

Daga nan sai ta samo kwali ta tattara kusoshin da kanta. A haka gidan yake zaune lafiya tun tana ƙarama, ita kuma ba ta taɓa ganin abin a matsayin laifi ba.

'Yan ajinsu ba su daɗe ba suka gane halinta, suka sa mata Mai Sulhu. Kunnenta ya fi na kowa kaifi, lambobi ba sa kuɓuce mata, muryarta ba ta rawa. Amma da zarar mai jawabi ya ɗauki zafi, sai maganarsa ta fito daga bakinta a sanyaye.

Wannan ne ya kayar da ita a jarrabawar ƙarshe. Bayan an fitar da sakamako, Malama ta kira ta ofis, ta jawo mata kujera kusa da tata, ta kunna musu abin da aka naɗa. Suka fara jin mai jawabin yana cewa, "Idan ba ku janye sojojinku ba, za mu rufe iyakarmu." Sannan suka ji muryar Mai Sulhu, mai daɗi, a natse: "Muna fatan ba za a kai ga taɓa harkar iyaka ba."

Malama ta kashe na'urar. "Kin ji?"

"Na ji, Malama. Amma ai ma'anar ba ta yi nisa ba."

"Ta yi nisa, 'yata. Ki ɗauka mutumin da ya saurare ki wakilin gaske ne. Zai koma gida ya ce wa shugabansa hankali kwance, akwai sauran lokaci. Ranar da aka rufe iyakar, motocin magani suna kan hanya, ɗalibai suna wancan gefen, ba wanda ya shirya. Mai jawabin ya yi gargaɗi, gargaɗin ya tsaya a bakinki."

Mai Sulhu ta sunkuyar da kai. "Nauyi nake ji. Kamar ni ce nake faɗa."

"Na sani. Kowa ya ji wannan nauyin. Amma a cikin akurki, in kin ce 'ni', ba ke ba ce. Fushin ba naki ba ne, amana aka ba ki ki kai. Ba ki da ikon ragewa, ba ki da ikon ƙarawa." Sannan ta ƙara da cewa, "Kin san dokar tsangaya. Sau biyu ake zama wannan jarrabawa. In kika sake faɗuwa, za a ba ki shaidar karatun harsuna, amma ba za ki fita da digirin tafinta ba, kuma ba za ki sake shiga akurki ba."

Zama na biyu zai zo ne a taron gwaji da tsangayar ke shiryawa a ƙarshen zango. Kafin nan Malama ta haɗa ta da abokin zama, domin tafinta biyu-biyu suke aiki, ɗaya yana magana ɗaya yana taimaka masa da ruwa da lambobi. Abokin nata wani dogon ɗalibi ne mai Larabci da Turanci da Faransanci, wanda ake kira Rediyo saboda ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba. Shi ya riga ya ci tasa jarrabawar.

Kowace safiya kafin a fara lacca sukan shiga zauren babu kowa. Rediyo ya tsaya a ƙasa gaban makirufo yana ƙirƙiro jawaban faɗa, ita tana sama tana fassarawa.

"Ku ɓarayi ne!" in ji shi, yana dukan tebur.

"Akwai shakku kan yadda kuka tafiyar da dukiyar," in ji Mai Sulhu.

Rediyo ya ɗaga kai ya dube ta ta gilashi, ya riƙe ƙugu. "Ke baiwar Allah, ɓarayi na ce. Ɓa-ra-yi. Kalmar tana cizo ne?"

"To ai kai ma ka cika baki."

"Aikina ke nan. Wallahi ke in gida yana ci da wuta, cewa za ki yi ɗakin ya ɗan yi ɗumi. Sake!"

Ta sake. Ta kuma sakewa. Ranar da ta fara ce masa ɓarawo da cikakkiyar murya, sai da ya yi mata tafi, ya ce zai kira gidansu ya yi musu albishir. A hankali bakinta ya saba. Ta gane cewa in ta kafa idonta a kan hannuwan mai jawabi, ba a kan fuskar wanda ake gaya wa ba, maganar tana wucewa ta cikinta ba ta tsaya ta ƙona ta ba.

Ranar taron gwaji zauren ya cika. Ɗaliban hulɗar ƙasa da ƙasa sun zauna a matsayin wakilan ƙasashe da ke shan ruwan kogi ɗaya. Ƙasar da ke sama ta gina madatsa, ƙasashen da ke ƙasa suna kukan ruwa ya ragu. Su ma ɗaliban maki suke nema, don haka ba wanda ya zo da wasa. Farfesa ne shugaban taro. An kuma gayyato baƙuwa, wata tsohuwar jakadiya da ta shafe shekaru tana wakiltar ƙasarta a tarurruka na gaske, ta zauna a kujerar ƙasar da ke can ƙarshen kogin. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, tana dogara sanda. Tana jin Faransanci sarai, amma a wurin taro ba ta magana sai da harshenta, Fotugis.

A duk akurkan nan ba mai jin Fotugis sai Mai Sulhu. Saboda haka duk lokacin da jakadiya ta buɗe baki, ita za ta mayar da maganar zuwa Faransanci, sauran tafintoci kuma su saurare ta su mayar zuwa Turanci da Larabci da Sifaniyanci. Malama tana kiran wannan zaman rijiya, domin kowa daga gare ka yake ɗiba. In ruwanka ya gurɓace, na kowa ya gurɓace.

Mai Sulhu ta zauna, ta gyara abin kunne, ta duba na'urar da ke gabanta. Akwai babban maɓalli na kunna makirufo da kashe shi, da jar fitila da ke nuna ana jin ka. Kusa da shi akwai ƙaramin maɓalli da ake kira na tari, wanda ke ɗauke muryarka muddin yatsanka yana kansa. Rediyo ya tura mata kofin ruwa, ya raɗa mata, "Yau ki zage su da kyau."

Jakadiya ta fara magana a hankali, kamar kaka tana ba jikoki labari. Ta kwatanta kogin yadda yake a da, da lokacin da yake cika, da gonakin da ke jiransa. Mai Sulhu ta bi ta. Bayan ɗan lokaci ta daina jin kujerar da take kai, ta daina jin Rediyo a gefenta. Maganar tana shiga ta kunne da wani harshe, tana fita ta baki da wani, ita kuma kamar tana tsaye a gefe tana kallo.

Sai jakadiya ta yi wasa. Ta ce kogin ya rame har kifaye sun fara neman takardar izinin ƙaura zuwa ƙasar sama. Mai Sulhu ta faɗa. Masu sauraren Faransanci a gefen hagu suka fashe da dariya. Jim kaɗan na tsakiya masu Turanci suka ɗauka, sai masu Larabci, sai can baya masu Sifaniyanci. Dariyar ta ratsa zauren daga wannan bango zuwa wancan, kamar iska tana bi ta kan gona tana kwantar da ganye layi bayan layi. Mai Sulhu ta taɓa jin labarin wannan, amma ba ta taɓa ganinsa daga sama ba. Magana ɗaya ta fito daga bakin tsohuwa, ta bi ta bakinta, ta rabu gida huɗu, ta isa ga mutanen da ba za su iya gaisawa da juna ba, kuma duk abu ɗaya suka yi wa dariya. Zuciyarta ta cika har ta kusa sakin jimla ta gaba, ta yi sauri ta cafke ta.

Ana cikin haka Farfesa ya buga ƙaramar gudumarsa. Ya ce lokacin jakadiya ya ƙare, kuma rahoton da ke gabansa ya nuna ruwan bai ragu yadda ake faɗa ba. Mai Sulhu ta juya layin na'urarta zuwa kunnen jakadiya, ta mayar mata da wannan da Fotugis.

Tsohuwar ta cire tabarau ta ajiye. Ta dafa sandarta ta miƙe. Muryarta ba ta ɗaga ba, amma duk wani motsi a zauren ya tsaya.

Mai Sulhu ta ji kalmomin kafin kowa, ta san abin da ke tafe. Ga Farfesa can a kan kujerarsa, abin kunnensa a kan layin Faransanci, wato muryarta ce za ta shiga kunnensa. Ta ji wata jimla mai laushi ta taso mata da kanta, a shirye, mai cewa akwai bambancin fahimta kan rahoton. Ta haɗiye ta. Ta kafa ido a kan hannun jakadiya da ke riƙe da sanda, ta buɗe baki.

"Shugaba, ƙarya kake yi, kuma ka san ƙarya kake yi. Kana zaune a kujerar alƙali, zuciyarka tana wajen masu madatsa. Na taka tsakiyar kogin nan da ƙafata. Ƙasa ta tsage, jiragen masunta a kife suke. Ka karanta mini takarda, ni na ga wurin. Mutum mai kunya da tuni ya sauka daga kujerar nan."

Ba ta rage komai ba. Wannan karon shiru ne ya ratsa zauren, hagu, tsakiya, dama, baya. Ɗalibai suka daskare. Jakadiya ta zauna ta ɗauki kofin ruwanta.

Sai a lokacin Mai Sulhu ta kalli Farfesa. Ya sunkuyar da kai yana juya gudumar a hannunsa. Ta san duk shiri ne, ta san shi da kansa ya roƙi jakadiya ta matsa wa ɗalibai. Amma abin da ta gani shi ne dattijon da ya zauna a falonsu yana lallashin Baba saboda ita, kuma da bakinta aka kira shi maƙaryaci a gaban jama'a. Ta kai hannu ta danna maɓalli don ta kashe makirufo, ta saki, ta dafe ƙirji. Harshenta yana nan a Faransanci bai dawo ba. Ta ce a hankali, ita kaɗai da ranta, "Ka gafarce ni, shugaba. Ka yi haƙuri."

Rediyo ya damƙi hannun rigarta. Yatsansa yana nuna jar fitila. Tana kunne. Maɓallin tari ta taɓa, ba babban ba.

Ta gilashin gefe ta ga bakin tafintan Turanci yana motsi. Na Larabci ma haka, da ta Sifaniyanci. Ba su da hanyar sanin cewa ba ƙarshen maganar jakadiya ba ne, domin tafinta kullum a baya yake zuwa. Abin da suka ɗiba daga rijiya shi suka raba.

Ta ga abin yana faruwa a ƙasa. Kafaɗu suka sauka a gefen hagu, sannan a tsakiya, sannan a baya. Wani ya saki ajiyar zuciya. Farfesa ya ɗago kai ya ɗan gyaɗa wa jakadiya, ita kuwa tana shan ruwanta ba ta san me ake ciki ba. Ɗalibin da ke wakiltar ƙasar madatsa ya yi murmushi ya ɗaga hannu, ya fara cewa, "Tunda mai girma jakadiya ta janye kalamanta ta kuma nemi gafara..."

Zauren ya yi daɗi. Irin wannan kwanciyar hankalin Mai Sulhu ta saba samarwa duk rayuwarta, kuma ba ta taɓa ganin ta samar da shi ga mutane masu yawa haka a lokaci guda ba. Abin ya ba ta tsoro. 'Yan kalmomi ne da ta faɗa ƙasa-ƙasa, sun sauya fuskar taro gaba ɗaya. In ta yi shiru, taron zai ci gaba lafiya, tsohuwar nan kuma za ta fita ɗauke da ban haƙurin da ba ta bayar ba. In ta yi magana, ta tona wa kanta asiri a gaban masu ba ta maki cewa ta ƙara magana daga aljihunta.

"Gyara," in ji Rediyo, muryarsa a ƙasa. Karon farko ke nan da ta ji ya faɗi kalma ɗaya ya tsaya.

Akwai hanyar da aka koya musu. Ta matso da makirufo, ta katse ɗalibin.

"Tafinta ce ke magana. Ban haƙurin da kuka ji ba daga jakadiya ya fito ba. Na tafinta ne, kuma kuskure ne. Jakadiya ba ta janye komai ba. Ƙarshen maganarta shi ne, mutum mai kunya da tuni ya sauka daga kujerar nan."

Ta juya layi ta gaya wa jakadiya abin da ya faru da Fotugis, a taƙaice. Kawuna suka fara juyowa sama wajen gilashinta, layi bayan layi, har duk zauren yana kallonta. Tafinta ba a kallonsa sai in ya yi ɓarna. Jakadiya ta mayar da tabarau, ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta juya ga ɗalibin ta ce masa ya sake shirya maganarsa, domin ita ba ta nemi gafarar kowa ba. Mai Sulhu ta fassara wannan ma.

Bayan an watse aka bar ta a baranda tana jira. Rediyo ya zauna kusa da ita ya fara ba ta labarin wani tafinta da ya taɓa yin atishawa cikin kunnen ministoci, ya ga ba ta ji, ya yi shiru. Da aka kira ta, ya ce, "Ko me suka ce, zagin nan ya fita tsaf. Ni na shaida."

Masu yanke hukunci su uku ne: Malama, da wani malami baƙo daga wata jami'a, da jakadiya. Farfesa yana gefe a zaune, ba shi da ƙuri'a. Baƙon malamin ne ya fara. Ya ce ƙa'ida a fili take, tafintan da ya ƙara magana tasa ya faɗi, balle wanda ke zaman rijiya. Ya ce bai ƙi yarinyar ba, amma in aka ɗaga mata ƙafa, me za a gaya wa na baya? Malama ta ce ta yarda kuskuren babba ne, sai dai ba ta taɓa ganin tafintan da bai taɓa kuskure ba, abin da take dubawa shi ne me ya yi bayan kuskuren. Ɗaya da ɗaya ke nan. Suka juya ga jakadiya.

Tsohuwar ta fara magana da Fotugis. Baƙon malamin ya ɗan yi tari, ya ce shi ba ya jin harshen. Jakadiya ta nuna Mai Sulhu da sandarta. Malama ta ce, "Bismillah, 'yata. Ba wani tafinta a ɗakin nan sai ke."

Mai Sulhu ta gyara tsayuwa. Jakadiya ta faɗi jimla, ta dakata, ita kuma ta mayar.

"Abin da yarinyar nan ta yi sakarci ne. A taron gaske zai iya rusa aikin da aka daɗe ana ginawa. Ba ta san na'urarta ba, kuma ba ta riƙe zuciyarta ba."

Ta faɗa duka, idonta a kan bango. Jakadiya ta ci gaba, ita ma ta ci gaba.

"Na zauna a tarurruka da yawa. An sha ba da haƙuri da sunana ban sani ba, sai daga baya in ga mutane suna yi mini murmushin da ban gane dalilinsa ba. Ba wanda ya taɓa tsayar da taro ya dawo mini da maganata."

Jakadiya ta ƙara wata jimla. Nan Mai Sulhu ta tsaya. Kunya ta rufe ta. Ta fara cewa, "Jakadiya tana ganin aikin bai yi muni sosai..."

Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa. Ai tana jin Faransanci.

"Duka," in ji Malama a hankali.

Mai Sulhu ta ja numfashi. "In gobe aka kira ni teburin sulhu na gaske, wannan yarinyar nake so a sa mini a akurki. Ban ga kamarta ba a cikin matasa. Ƙuri'ata ita ce, yarinyar nan ta ci."

Baƙon malamin ya ce shi yana nan a kan bakansa, kuma a rubuta cewa bai yarda ba. Malama ta ce za a rubuta. Sannan ta juya ga Mai Sulhu, ta ce, "Biyu da ɗaya. Kin ci, da ƙyar. Gobe da safe ki same ni a akurki, za ki yi ta kunna makirufo kina kashewa har yatsanki ya haddace."

Mai Sulhu da ta yini tana magana da bakin wasu, ta nemi kalma ɗaya tata ta rasa. Ta juya wajen Farfesa za ta durƙusa, ya ɗaga hannu ya hana ta.

"Kar ki soma," in ji shi. "Haƙurin nan na riga na karɓa da harsuna huɗu, ya ishe ni." Ya miƙe yana tattara takardunsa. "Na daɗe ina shugabantar taron nan, kowace shekara sai na sa an zage ni, kuma kowace shekara ɗalibaina sai su tausaya mini. Yau ne na ji abin ya shige ni har na fara tunanin ko da gaske in sauka daga kujerar." Ya buɗe mata ƙofa da kansa. "Je ki kira babanki. Ki gaya masa yadda aka yi, ban da ragi."